Bugu Biyu a Tsintsiyar Hannu

Lahadi

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙafar taki, tana barinki ki taka kuwa? Yaya mai jego da maigidanta? Ki shafa mini kan jaririyar, ki gaya wa amaryar tawa angonta yana nan, tsufa bai gama da shi ba, kada ta yi saurin sake miji.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da rubuta miki takarda tun kafin aurenmu. Waya ce ta gagare ni. Da na ji muryarki sai bakina ya yi nauyi, in tambayi lafiyar yara, ki ce lafiya, in ce madalla, mu yi shiru muna jin numfashin juna har ɗayanmu ya kashe. Wata huɗu ke nan muna haka. Shi ya sa na ce bari in gwada biro, in ba direban da ke kai wa surukinmu kaya ya miƙa miki.

Gida yana nan yadda kika bar shi. Ɗakin Auta ban buɗe ba, takalmansa ma suna nan a bakin ƙofa, ina tsallake su kullum da safe.

Ranar Talata na je wurin da yake koyon wasan nan nasa na mutanen Japan, judo. Kin tuna lokacin da suka zo gaisuwar rasuwarsa, malaminsu da ɗalibansa, na ƙi fitowa, ke kika karɓe su. To malamin bai yi fushi ba, ya yi ta aiko mini cewa jakar Auta tana wurinsu. Na gaji da aike na je. Wurin yana saman wani shagon tayoyi, sai ka hau matakalar ƙarfe, wadda ko wane ne ya yi mata walda Allah ya yafe masa. Ɗaki ne dogo, an shimfiɗe shi da katifu masu tauri kore-kore, ga fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Malamin gajere ne mai furfura, kunnuwansa duk sun murɗe. Ya miƙo mini jakar da hannu biyu. Na karɓa, sai na ji bakina yana tambaya ko suna karɓar tsofaffi. Ya ce in zo Alhamis da la'asar, lokacin sababbin shiga.

Kada ki ce na haukace. Ki bari in gaya miki dalili, don ban gaya wa kowa ba.

Kullum ina juya kwanakin nan a kaina. Asabar aka shaƙe shi a wurin wasan har ya suma, ya farfaɗo, ya dawo gida ya ci abinci tare da mu bai ce uffan ba. Litinin ya faɗi a bakin famfo, harshensa ya karye. Laraba Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce jijiya ce ta tsage a cikin wuyansa, jini ya daskare ya haura kai. Na yarda da ƙaddara, amma tela maƙwabcinmu ya gaya mini wata magana da ta hana ni sakat. Ya ce a irin wasannin nan akwai doka, in wanda aka riƙe ya ce ya sallama, dole a sake shi nan take. To abin da nake so in sani ke nan: Auta ya ce a sake shi aka ƙi? Wanda ya riƙe shi suna ce masa Dogo, mai gyaran firji ne. In na tambaye su kai tsaye, bakinsu ɗaya, za su rufa wa juna asiri. Gara in shiga cikinsu in gani da idona, gani ya kori ji. In na tabbatar ya ji kukan ɗana ya ƙi saki, zan kai shi gaban hukuma. Ina kuma roƙon Allah ya sa iyakar abin da zan yi ke nan, don kin san hannuna, ba banza abokan aiki suka sa mini Filaya ba.

Akwai wani abu kuma. Ranar Larabar nan a asibiti, lokacin da kika fita kiran nas, ina riƙe da hannunsa na dama ina ce masa ya daure. Sai ya ɗago na hagun da kyar, ya buga mini yatsu a tsintsiyar hannu sau biyu. Na ɗauka gaisuwa ce, yana ce mini Baba ina nan, kada ka damu. Tun daga ranar nake jin bugun nan. Ba mafarki ba, ido biyu, rana tsaka. Da na sauke gilashin walda a fuskata, duniya ta yi duhu, sai in ji shi a daidai wurin, ta cikin safar hannu, sau biyu. Jiya har sai da na ɓata ƙofar mutane.

Ki gaida kowa da kowa. Ki riƙa shan maganinki, na san halinki in ba a tsaya a kanki ba.

Mijinki,
Filaya


Juma'a

Uwar yara,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mutanen gidan duka, har da mai hana ku barci. Direba ya ce kin karɓi takardata, kin karanta a tsaye, kin ninke kin sa a jaka, ba ki ba shi amsa ba. Ba komai. Karantawar ma na gode.

Mako uku ke nan ina zuwa, kuma in gaya miki gaskiya, ban koyi komai ba sai faɗuwa. Da za ki ga mijinki, mai shekara sittin ba ɗaya, yana birgima a ƙasa tsakanin ma'aikatan banki da 'yan makaranta, da kin yi dariyar da kika daɗe ba ki yi ba. Malam ya ce ba ya koya wa kowa kayar da mutum sai ya iya faɗuwa tukuna. Ka manna haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka daki katifa da hannu gaba ɗaya lokacin da jikinka zai taɓa ƙasa, don hannun ya kwashe zafin. Ni kuwa da na tafi sai in tokare ƙasa da tafi. Ya ce mai tokarewa shi ke karyewa. Kullum da man zafi nake kwana.

Ɗalibansa Sensei suke ce masa, wai malam ke nan da yaren Japan. Ni dai Malam nake ce masa, kuma da safe ma lissafi yake koyarwa a makaranta. Ranar farko da na ga suna sunkuyar da kai kafin su taka katifa, na ce masa ni fa ban iya ruku'u ga kowa ba sai Mahaliccina. Ya ce gaisuwa ce kawai, kana gaya wa abokin wasanka na ba ka amanar jikina, ka ba ni amanar naka, in kuma ban natsu ba in ɗora hannu a ƙirji. Haka nake yi. Amma da na ji kalmar amanar nan, na ce a raina za mu gani.

Ashe wasannin ba ɗaya ba ne, kuma karɓa-karɓa ake yi da ɗakin. Akwai 'yan karate, masu naushi da shuri suna ƙwala ihu, an ce ma'anar sunan hannu ba makami. Akwai 'yan kendo masu sandunan gora a madadin takobi, suna rufe fuska da wani abu kamar gilashin aikina. Akwai 'yan aikido, yawancinsu manya ne, su murɗe maka hannu kawai sai ka ga ƙato ya kifa. Malam ya ce yawancin abin daga mayaƙan ƙasar na dā aka gada, da aka ajiye takubba sai aka mai da shi tarbiyya. Namu kuwa, judo, wai ma'anarsa hanyar laushi: in an ture ka ka ja, in an ja ka ka bi, har ƙarfin mutum ya kayar da shi da kansa. Ni da na yi shekara arba'in ina tanƙwara ƙarfe da wuta da guduma, yau ake ce mini laushi.

Rigar Auta nake sawa. Farar nan mai kauri da kike ƙorafin ba ta bushewa. Hannun ya yi mini tsawo, kwalar ta sha riƙo har zaren ya fito a gefen hagu. Ɗamararsa ruwan ƙasa ce, ta waɗanda suka kusa kai baƙa, ita na bar ta a jaka, aka ba ni fara ta 'yan koyo. In na ɗaura na juya wajen madubin da ke bango, sai in ga kamar shi ne ya tsufa. Na daina duban wajen.

A bakin ƙofa akwai allo da Malam ya rataya 'yan katakai, kowa da nasa ɗauke da sunansa. In ka zo ka juya baƙin rubutu waje, in za ka tafi ka juya jan. Na Auta yana nan a baƙi. Ranar Asabar ɗin ya manta bai juya ba, kuma har yau an rasa mai ƙarfin zuciyar taɓawa. Wata biyar ke nan allon yana cewa yana ciki. Ni ma in na shigo sai in ga ina leƙa kusurwar da ake ajiye jakunkuna.

Na ga Dogo. Na zaci zan ga wani basamude mai jan ido, sai na ga siririn mutum mai kamar shekara talatin da 'yan kai, yana da mata da 'ya'ya biyu, ga ɗan gemu. Baƙar ɗamara gare shi, amma an ce tun abin nan bai sake kama kowa ba, sai dai ya taya Malam kula da mu sababbi. Ya san ko ni wane ne. Ko ya zo gyara mini tsayuwa, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Mai gaskiya yana haka?

Jiya na laɓe a matakala bayan an sallame mu, ina yi kamar ina duba waldar, don in ga wasan manya. Suna kokawa a ƙasa, wannan ya shaƙe wancan da kwalar riga, fuska ta yi jawur. Na kasa kunne in ji mai cewa ya isa ko na sallama. Wallahi ban ji ko ɗaya ba. Sai nishi, sai ɗan dukan katifa irin wanda ake koya mana, sai ka ga sun rabu sun sake kamawa. Na ce lallai, wurin da ba a jin kukan kowa, yaya za a yi a ji na ɗana?

Amma kin san abin da ke ɗaure mini kai? Auta ba mai kuka ba ne. Kin tuna wasan da nake yi da shi yana ƙarami, in matse masa hannu in ce sai ya ce na tuba? Tun yana shekara bakwai ya daina cewa. Hawaye na zuba, yana cije leɓe, ke kina daga kicin kina cewa in sakar miki yaro, ni kuwa ina zuwa shago ina ba da labari, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In har irin wannan yaron ya buɗe baki ya roƙa, to azabar ta kai inda ta kai. Shi ne abin da ba zan yafe ba.

Malam ya ce mako mai zuwa za mu fara riƙon ƙasa, irin kokawar shaƙewar nan da na gani. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Filaya


Alhamis

Uwar yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ki yi haƙuri da rubutun. Daga wurin wasan nake, ko rigar ban cire ba, na zauna a kan bencin shago na rufe ƙofa.

Yau aka fara riƙon ƙasa. Malam ya ce kowa ya kama abokinsa, aka rasa wanda zai kama ni, don duk sun san riƙona. Sai Dogo ya matso da kansa ya zauna a gabana, ya ba ni baya. Malam ya durƙusa kusa da mu yana jera mini hannu: wannan ya zagayo ta ƙarƙashin haɓa ya kama kwala, wancan ya bi ta hammata ya kama ɗaya gefen. Ya ce kada in ja tukuna, akwai abin da zai fara gaya mana, wanda ya fi riƙon kansa muhimmanci. Ya juya yana kiran sauran su matso.

Uwar yara, na ja.

Ba zan ce miki shaiɗan ba ne, ni ne. Wuyan da na yi wata biyar ina tunani ga shi a tsakanin hannuwana, ga ƙeyarsa a hancina tana warin sabulu. Na ce a raina bari in ji yadda kai kake roƙo. Na ja da ƙarfin da nake murɗe rodi, ina jira ya yi ihu. Bai yi ba. Sai na ji ya ɗago hannu, ya buga mini yatsu a tsintsiyar hannu, sau biyu.

A daidai wurin. Nauyin ɗaya, tazarar ɗaya. Ban san lokacin da hannuwana suka buɗe ba, na ja da baya da gindi har na bugi bango. Na duba ko'ina a ɗakin ina neman Auta.

Dogo yana tari, Malam ya taso mini. Ban taɓa ganin ransa a ɓace ba sai yau. Ya ce ya hana ni ja na ja, in don ta shi ne yau na gama zuwa nan, abu ɗaya ya cece ni, da aka buga na saki. Na ce aka buga me? Ya dube ni kamar bai gane tambayar ba. Sannan ya sassauta murya ya ce:

“Baba, ai abin da nake shirin gaya muku ke nan. Wanda aka shaƙe ba shi da bakin magana, da hannu yake faɗa. In ya buga sau biyu, a jikinka ko a katifa, cewa yake ya isa, na sallama, sake ni. Duk abin da kake yi, ka saki.”

Ya ci gaba da bayani ga sauran, wai bugun ba abin kunya ba ne, shi kansa ya buga ya fi sau dubu, wanda ba ya bugawa ba ya daɗewa a wasan nan. Ni dai ban ƙara fahimtar komai ba. Na tashi na fito ba takalmi, sai a ƙasan matakala mai tayoyi ya nuna mini ƙafata.

Kin gane abin da nake gaya miki? A gadon asibitin nan harshensa ya mutu, ba shi da bakin magana. Ni kuwa na kama hannunsa da wannan hannun nawa na ƙarfe, ina matsawa, ina cewa daure, kai namiji ne, kada ka ba ni kunya, daure. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya gaya mini da yaren da ya iya. Ni da na ji, sai na ce yauwa ɗana, na ƙara matsawa. Ina riƙe da shi haka har kika dawo da nas, har ita ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara uku yana wasan nan, ban taɓa taka matakalar nan na je kallo ba, ban taɓa tambayarsa me ake koya musu ba, in ya fita da jaka sai in ce an tafi birgima. Da na tambaya sau ɗaya, da na sani. Na zo neman wanda aka ce wa sake ni ya ƙi saki, ga shi na same shi, yana zaune a kan bencin shagona.

Ban san abin da zan ƙara rubutawa ba. Ki yafe mini in takardar nan ta tayar miki da ciwo, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Mijinki


Litinin

Zuwa ga uwar 'ya'yana, abokiyar zamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya haƙuri? Ina gaida 'yarmu da maigidanta, da amaryata da aka ce ta fara dariya ba haƙori.

Takardarki ta iso ranar Asabar. Layi shida ce, na karanta ta fi sau ashirin. Ashe ranar Lahadin nan, kwana ɗaya kafin ya faɗi, ya same ki a kicin ya ce wuyansa na ciwo, idonsa ɗaya yana ganin dishi-dishi, kika ce a tafi asibiti, ya roƙe ki kada ki gaya mini don kada in ce ya yi raki. Kika shafa masa man zafi kika yi shiru. Kin ɗauki wannan ke kaɗai wata biyar, kina ganin laifinki ne. Ba laifinki ba ne. Ni na gina gidan da ɗa zai ɓoye wa ubansa ciwo, uwa ta taya shi ɓoyewa. Kuma da kika zauna kina kukansa, ni ne na tsaya a kanki na ce ya isa haka, ki daure. Ranar da za ki tafi kin ce gidan nan ba a yarda mutum ya ce ya gaji. Na ɗauka maganar ɓacin rai ce, sai yanzu na ji ta.

Na bi umarninki na je wurin Dogo. Na same shi a shagonsa ya kwantar da wani firji yana zuba masa gas, ga shatar kwala a wuyansa har yanzu. Da ya gan ni ya miƙe, ya goge kujera da rigarsa. Na ce ba zama na zo yi ba, gafara na zo nema. Sai ga mutum yana kuka, yana cewa shi ne zai nema. Ya ce ya ba ni wuyansa ne ranar don yana ganin ina da haƙƙi a kansa.

Na yi masa tambayar da ta kai ni wurinsu. Ya ce Auta bai buga ba. Ya ce ba ranar kaɗai ba, shekara uku ba wanda ya taɓa jin bugunsa. Malam ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya taɓa hana shi riƙon ƙasa wata guda, ya dawo ya yi alkawari. Ranar Asabar ɗin Dogo ya kama shi yana jiran bugu, yana ganin ai ya yi alkawari, sai ya ji jikin ya saki, nan take ya buɗe hannu. Ya ce ƙiftawa uku ce ko huɗu, su yake ƙirgawa tun daga ranar. Suka ce a kai shi asibiti, ya yi dariya ya ɗauki takalmansa. Na ce bai taɓa gaya maka dalili ba? Ya yi ta kame-kame, sai da na matsa, sannan ya ce akwai ranar da ya tambaye shi, Auta ya ce:

“Ina so in buga, hannun ne ba ya tashi. A gidanmu ba a koya mana wannan ba.”

To kin ji. Sau ɗaya ya buga a rayuwarsa, kuma ni ya buga wa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na bawan Allah. Na ce wa Dogo ba ni da ƙara a kansa, duniya da lahira, ya koma wasansa.

Jiya na koma wurin Malam na ba shi haƙuri, ya karɓa. Na roƙi abu ɗaya, Dogo ya riƙe ni yadda ya riƙe Auta. Da farko ya ƙi, sai da Malam ya ce zai tsaya a kanmu. Ya zagayo da hannu a hankali, ya ɗan ja. Kunnuwana suka fara ƙara, fankar ta yi nisa. Kin san wani abu? Hannun nawa ma bai so tashi ba, yana nan a kan cinyata kamar na wani. Na ce masa tashi, tsohon banza. Na buga sau biyu. Kafin in sauke yatsu ya sake ni, iska ta shigo, ba wanda ya yi dariya, ba abin da ya ragu a jikina. Abin ke nan gaba ɗaya. Na kifa kaina a katifar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, suka zauna kewaye da ni ba wanda ya ce in daure.

Da zan fita na juya katakon Auta zuwa ja. Malam ya ce in tafi da shi gida in ina so, na ce a bar shi cikin 'yan'uwansa. Matakalar ma na gyara musu.

Bugun bai daina ba, kuma na daina roƙon ya daina. Ɗazu ma na ji shi, ina tsakiyar haɗa taga. Sai dai yanzu na san abin yi. Ko me nake riƙe da shi, sandar walda ce ko guduma ko kofin shayi, sai in ajiye, in buɗe hannun, in ce na saki, Auta, tafi abinka. Mai tagar ya tambaye ni da wa nake magana, na ce da ɗana.

Ba zan ce ki dawo dole ba, na gama riƙe mutane da ƙarfi. Amma in kin ga dama, ɗakinsa yana nan a rufe, ba zan iya buɗe shi ni kaɗai ba. Ki zo mu buɗe tare, ki yi kukanki iya son ranki, in taya ki. Na gaji, uwar yara. Shekara talatin da biyar ba ki taɓa jin wannan daga bakina ba, kuma na san in na kira waya ba zai fito ba. Shi ya sa in kin duba ƙasan takardar nan za ki ga tabon yatsu biyu na baƙin mai. Ba ƙazanta ba ce, da gangan na yi.

Direba zai juyo ranar Alhamis, na ce ya bar kujerar gaba ba kowa.

Wassalam. Ni ne mijinki,
Baban Auta